YADDA AKE SAITA WAYAR SALULA A HANYAR JAZIRA DA NILUL AZRAƘ

'Yan'uwa fataken shanu, dillalai, masu gida da 'yan kora, a wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan saita wayar salula domin ta kama sabis, data kuma ta yi aiki. Mun zaɓi yankin Jazira da Sinnar da Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, na ƙasar Sudan, saboda yawan 'yan'uwanmu da ke zaune a can da kuma masu zirga-zirga tsakanin can da Habasha, Sudan ta Kudu, Cadi, Nijar da Nijeriya. Amma duk abin da za mu faɗa zai yi wa mai fatauci amfani a kowace iyaka ya samu kansa.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA ZAMA DOLE

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Garin Mai Wurno da ke kudu da Sinnar kaɗan, a bakin kogi, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga ya buɗe a Jazira, sai ƙauyukan mutanenmu suka yawaita daga wajen Madani da Managil har zuwa Sinja, Damazin da Rusairis. A da, falke ƙulla kuɗinsa yake yi a lalita ya ɗaura a ƙugu, in ya yi ciniki ya ƙirga ya biya. Yanzu kuwa mafi yawan kuɗin shanu a cikin waya suke tafiya.

Dalili shi ne, tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga watan Afrilu, 2023, bankuna da yawa suka rufe, tsabar kuɗi ta yi wuya, tafiya da ita kuma ta zama kasada. Jama'a suka koma kan manhajojin banki, musamman Bankak ta Bankin Hartum. Sa'an nan a watan Disamba na 2024 aka fara canjin takardun fam 500 da fam 1,000 a jihohin da suka haɗa da Gadarif da Nilul Azraƙ, aka ce kowa ya kai tsofaffin kuɗinsa asusun banki. Wanda bai taɓa buɗe asusu ba ma tilas ta sa ya buɗe.

To, manhajar banki ba ta motsi sai da data. Ke nan mutum na iya zama da kuɗin bijimai 20 a asusunsa, an yi ciniki, an ce an sallama, amma waya ta ƙi tura kuɗin. Mai shanu ba zai jira har la'asar ba, wani zai sallamar wa. Sau da yawa kuma laifin ba na kamfani ba ne, wani ɗan maɓalli ne a cikin wayar ba a kunna ba.

KALMOMIN DA ZA KU RIƘA JI

Wanda ya zo daga yamma zai tarar da yawancin wayoyin can da Larabci aka saita su, masu gyara ma da shi suke magana. Abin da muke kira sim, su shariha suke cewa. Sabis shi ne shabaka, kuɗin kati rasid, ƙunshin datar da ake saya na kwana ko mako ko wata kuwa baƙa. Ƙarfen sabis, wato dogon ƙarfen nan na kamfani, shi ne burji.

Manyan kamfanonin salula a Sudan uku ne. Akwai Zain, wanda ya fara aiki da sunan Mobitel a 1997 ya koma Zain a 2007. Akwai MTN, wanda tsofaffin 'yan kasuwa suka sani da sunan Areeba. Sai Sudani, na kamfanin Sudatel. Lambar da ta fara da 091 ta Zain ce, 092 ta MTN, 012 kuwa ta Sudani. Kada sunan MTN ya ruɗe ku: MTN na Sudan daban, na Nijeriya daban. Katin wannan ba ya shiga wancan, datar da aka saya a Kano kuma ba ta aiki a Madani.

SABIS DABAN, DATA DABAN

Nan ne mutane da dama ke rikicewa. 'Yan sandunan nan da ke saman waya suna nuna cewa wayar ta kama ƙarfen sabis, za a iya kira, za a iya aika tes. Ba su nuna cewa intanet na aiki. Alamar data wani ɗan harafi ne kusa da sandunan. In kun ga E, data tana tafiyar hawainiya, saƙon rubutu na iya fita amma manhajar banki za ta wahalar da ku. In kun ga 3G ko H ko H+, ana iya ciniki da ita. In 4G ko LTE ne, madalla. In babu harafi ko ɗaya alhali sanduna sun cika, to ɗayan huɗu ne: ko ba a kunna data ba, ko an ɗora ta a kan sim ɗin da ba shi ba ne, ko baƙa ta ƙare, ko kuma APN bai daidaita ba. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

WAYA MAI SIM BIYU

Kusan dukkanmu irin su Tecno, itel, Infinix ko Samsung masu sim biyu muke riƙewa. Ku sani cewa sim biyun duka suna karɓar kira da tes, amma data sim ɗaya ne kaɗai ke ɗaukar ta a lokaci guda, kuma mai waya ne ke zaɓa.

A buɗe Saitin, wato hoton nan mai kama da faifan inji mai haƙora. A wayar Larabci an rubuta I'idadat, a wasu kuma Dabɗ. A shiga wurin sim da shabaka. Za a ga inda ake zaɓen sim na kira, da na tes, da na data, wadda suke rubutawa Bayanat. A ɗora data a kan sim ɗin da aka saya wa baƙa. Mutum ya sayi baƙa a Sudani ya bar data a kan Zain, wayar rasid ɗin Zain za ta yi ta ci har ya ƙare, baƙar kuwa tana nan kwance ba a taɓa ta ba har wa'adinta ya wuce.

Ƙarin bayani: a wasu tsofaffin wayoyi gurbin sim na ɗaya ne kawai ke kama 3G da 4G, na biyu 2G kaɗai. In wayarku irin wannan ce, sim ɗin data a gurbi na ɗaya za a sa shi.

MAGANAR APN

APN shi ne sunan ƙofar da waya ke bi ta shiga intanet na kamfani. Kamar dai yadda baƙo ba ya saye a kasuwar dabbobi ta Sudan sai da damin, wato mai lamunin da ya san mai dabba, haka waya ba ta shiga sai ta ambaci sunan da kamfani ya sani. Yawancin wayoyi da kansu suke ɗaukar sunan da zarar an sa sim. Amma wayar da aka sayo daga wata ƙasa, ko wadda aka yi wa filashin, takan kasa. A nan sai an rubuta da hannu.

A shiga Saitin, a shiga shabakar salula, a taɓa sim ɗin da ake nufi, a nemi haruffan nan uku, APN. Da Larabci an rubuta Asma'u Nuƙaɗil Wusul. A taɓa alamar tarawa domin buɗe sabo. Gurbi na farko na suna ne, a rubuta abin da aka ga dama, ko da sunan kamfanin ne. Gurbi na biyu shi ne mai muhimmanci. A Zain na Sudan a rubuta internet, a MTN na Sudan ma internet, a Sudani kuwa sudaninet. Duka da ƙananan haruffa, ba tazara. In na Sudani ya ƙi, a rubuta sudani a gurbin sunan mai amfani da kuma na kalmar sirri. Masu komawa gida: na MTN Nijeriya shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel Nijeriya internet.ng.airtel.com.

Can ƙasa akwai gurabe biyu, MCC da MNC. Na farko lambar ƙasa ce, na biyu lambar kamfani. Ta Sudan 634 ce. Zain 01, MTN 02, Sudani 07. Ta Nijeriya 621, Nijar 614, Cadi 622, Habasha 636, Sudan ta Kudu 659. Waya da kanta take cike su daga jikin sim, kada a taɓa su, domin in aka canza su sabon APN ɗin ɓacewa yake yi. Amfaninsu gare ku shi ne tabbatar da cewa sim ɗin da kuke nufi ne kuke gyara wa.

In an gama, a taɓa ɗigo ukun da ke kusurwar sama, a zaɓi ajiyewa, wato Hifz. Sa'an nan a dawo baya a taɓa ɗan da'irar da ke gefen sabon sunan har ya cika. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: sun rubuta daidai amma ba su ajiye ba, ko sun ajiye ba su zaɓa ba. In kuwa yaro ya riga ya yi ta taɓe-taɓe har abin ya cakuɗe, a cikin ɗigo ukun nan akwai umarnin mayar da komai yadda kamfani ya tsara. A fara da shi kafin a rubuta sabo.

2G, 3G KO 4G?

A wannan shafin dai akwai wurin zaɓen irin shabakar da ake so. Zain ya buɗe 4G a Sudan a 2016, sauran suka biyo baya, amma ba kowane ƙarfe ne ke ɗauke da shi ba, musamman a ƙauye. Wanda ya kulle wayarsa a kan 4G kaɗai, da ya bar gari zai ga sabis ya ɗauke gaba ɗaya alhali na kusa da shi yana ta kira. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar ta a kan zaɓin da ya haɗa duka uku, ta riƙa zaɓa da kanta.

Akwai lokutan da ake sauyawa. 'Yan kora da ke bin burtali kwana da kwanaki, ba wuta ba caji, su sa waya a 2G kaɗai. A yawancin karkara shi ya fi nisan zango, kuma waya ba ta ƙona batir wajen neman 4G ɗin da babu. In an iso kasuwa irin ta Tambul ko Damazin za a yi ciniki, a tuna a mayar da ita kan zaɓin duka uku, in ba haka ba Bankak za ta yi ta juyi ba ta buɗe ba.

A BAKIN IYAKA

Sabis bai san iyaka ba. Gallabat da Matamma gada ce kawai ta raba su, Kurmuk ma akwai ta Sudan akwai ta Habasha. Haka abin yake a Joda, hanyar Rank, da kuma Adare a iyakar Cadi. Mutum yana zaune a ɓangaren Sudan, wayarsa sai ta ɗare kan ƙarfen ƙetare saboda ya fi ƙarfi. Wannan shi ne romin, da Larabci tajwal. Baƙar da aka saya a gida galibi ba ta aiki a kansa, daga rasid ake cira, da tsada kuwa. Alamarsa harafin R a saman waya, ko sunan wani kamfani da ba naku ba.

Maganinsa biyu ne. Na farko, a kashe maɓallin datar romin, wanda aka rubuta Tajwalul Bayanat, a bar shi a kashe kullum. Kashe shi data kawai yake hanawa, kira da tes suna shigowa. Na biyu, a wurin zaɓen kamfani a cire otomatik, wato Tilƙa'i, a koma zaɓen hannu, wato Yadawi. Waya za ta yi ɗan bincike na minti ɗaya ko biyu ta jero sunayen kamfanonin da take ji. A taɓa naku. Daga nan ba za ta sake tsallakawa ba.

In kuma da gangan za a ƙetare a kwana biyu, ya fi araha a sayi sim na ƙasar. A Habasha akwai Ethio Telecom, akwai kuma Safaricom da ya fara aiki a 2022. A ɗora data a kan sabon sim ɗin, amma kada a cire na Sudan, domin lambar tabbatarwa da banki ke aikowa ta tes a kan layin da aka yi rajista da shi take zuwa. A mayar da shi kan otomatik domin ya samu inda zai kama, kuma tun kafin a tashi a je ofishin kamfani a tabbatar an buɗe wa layin romin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk lambar da za ku ajiye, ku ajiye ta da lambar ƙasarta a gaba, ku jefar da sifirin farko: Sudan +249, Nijeriya +234, Nijar +227, Cadi +235, Habasha +251, Sudan ta Kudu +211. Lambobin Nijar da Cadi dama ba su da wannan sifirin. Lambar da aka ajiye haka ko'ina kuke za ta shiga.

AGOGON WAYA

Wannan ƙaramin abu ne amma ya sha tsayar da ciniki. Tun 2017 agogon Sudan yana gaban na Nijeriya da Nijar da Cadi da awa ɗaya, na Habasha kuma yana gaban na Sudan da awa ɗaya. In kwanan wata ko lokacin waya ya kauce, misali bayan batir ya mutu ko an cire shi, manhajojin banki da WhatsApp sukan ƙi aiki ko da data lafiya take. A shiga Saitin, wurin kwanan wata da lokaci, a kunna otomatik. A bakin iyaka a riƙa dubawa, don wayar da ta kama ƙarfen Habasha agogon Habasha za ta ɗauka.

TATTALIN DATA

Ba tura kuɗi ne ke cinye data ba, bidiyo ne. A cikin WhatsApp, a wurin ajiya da data, a hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Wanda yake cikin zauruka biyar ko shida na 'yan kasuwa, kowa na turo bidiyon garkensa, baƙar mako ba za ta kai shi laraba ba. A hana manhajoji sabunta kansu sai a kan wayifayi. A kunna mai tsimin data da ke cikin Saitin, amma a ware manhajar banki da WhatsApp kada ya taɓa su. In kun ba yaronku hosfot, ku sa kalmar sirri, ku kashe da zarar ya gama.

A watan Yuli na 2025 hukumar sadarwa ta Sudan ta ba da sanarwar toshe kiran murya da na bidiyo na WhatsApp, ta bar saƙonni. Saboda haka in saƙo na fita amma kira ya ƙi, kada ku ɗora wa wayarku laifi ku kai ta filashin.

IN SABIS YA ƊAUKE GABA ƊAYA

Akwai ɗaukewar da saiti ba ya magani. An rufe intanet a Sudan sama da wata guda daga Yunin 2019, an kuma rufe na makonni daga ranar 25 ga Oktoba, 2021. A watan Fabrairu na 2024 kamfanonin nan uku duka suka tsaya, daga baya suka riƙa dawowa sannu a hankali ta wajen Fot Sudan. Jazira da Sinnar sun sha wuya ƙwarai, don an ƙwace Madani a Disamban 2023, Sinja a Yunin 2024, sojoji suka karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Madani kuma a Janairun 2025. Ƙarafan sabis da yawa sun lalace a tsakanin nan, waɗanda suka tsira kuma da wuta da man janareta suke aiki.

Darasin da muka ɗauka shi ne kada falke ya dogara da kamfani ɗaya. A riƙe sim na kamfanoni biyu, kowanne da rajistar sunan mai shi, domin layin da aka yi wa rajista da sunan wani in ya ɓace ba a iya dawo da shi cikin sauƙi, asusun banki kuwa yana maƙale da shi.

A lokacin ɗaukewar nan ne shagunan Starlink suka yaɗu, inda ake biyan kuɗin awa a hau wayifayi. Shi ba ya bukatar sim ko APN, kalmar sirri kawai mai shago zai bayar. Sai dai tes ba ya biyowa ta wayifayi. Wanda ya goge manhajar banki ko ya sauya waya a inda babu sabis, lambar tabbatarwa ba za ta iso shi ba. Don haka duk wani sauyin waya a yi shi a gari. Kuma a irin wannan shago kada a miƙa wa kowa waya manhajar banki na buɗe, kada a faɗi lambar sirri da baki, ko da mai taimako ne.

KAFIN A SAKI IGIYA

Hoton shaidar biya, wanda ake kira ish'ar, ba kuɗi ba ne. 'Yan damfara suna iya ƙera shi, kuma sun fi son inda sabis ke da rauni, don sun san mai shanu ba zai iya dubawa ba. Ka'idarmu ita ce, mai sayarwa ya buɗe asusunsa a wayarsa ya ga kuɗin da idonsa, sa'an nan a kwance dabba. In sabis ya ƙi, a tafi tare da dillali da damin inda yake kamawa. Mai saye kuma, in manhaja ta tsaya tsakiyar turawa, kada ya yi garajen sake turawa. Ya fara duba bayanin asusu, don sau da yawa na farkon ya riga ya fita.

IN DATA TA ƘI, GA TSARIN BI

Da farko a kunna alamar jirgin sama, a ƙirga goma, a kashe. Na biyu, a duba ko data a kunne take kuma a kan sim ɗin da ya dace. Na uku, a duba ko baƙa ta ƙare. Na huɗu, a duba irin shabakar da aka zaɓa da kuma sunan kamfanin da waya ta kama. Na biyar, APN. Na shida, agogo. Na bakwai, a kashe waya a cire sim a goge shi da tsumma busasshe, don ƙurar kara ba ta bar komai ba. In duk an yi ba ta tashi ba, a gwada sim ɗin a wayar wani. In ya yi aiki a can, matsalar ta wayarku ce. In bai yi ba, a tambayi masu irin layin, in su ma haka ne sai haƙuri, daga kamfani ne.

Daga ƙarshe, ku danna *#06# ku kwafe lambar nan mai alƙaluma 15 da za ta fito, ita ce shaidar wayarku in an sace. Ku rubuta ta a takarda tare da lambobin mai gidanku, dillalinku da direban tirela, ku ajiye daban da wayar.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba su karatun boko wannan bayani a zaman mako, a kuma sa matasa su zauna da dattawa a bi matakan nan da waya a hannu tun kafin ranar kasuwa. Allah ya ba Sudan zaman lafiya, ya tsare hanya, ya sa albarka a cinikinmu, amin.